Rage Magi, Ƙara Daddawa

Kai da ke kwana kan bidiyon girki a TikTok, ka taɓa ƙirga dunƙulen magin da ake jefawa a tukunya ɗaya? Wata sai ta marmasa shida, ta ƙara gishiri, ta bi da yaji, mu kuma muna ta "kai, ya haɗu!"

Leƙa ƙauyukan Dambatta ko Bichi ka ga girkin kaka. Daddawa ce ke ɗaukar miyar kukarta, gishiri da barkono daidai misali. Ga tuwon dawa, ga wake, ga zogale daga shinge. Sinawan lardin Guangdong ma haka suke, ba sa bari kayan yaji su danne ɗanɗanon kifi ko ganye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a rana kada ya kai giram 5, kusan cokalin shayi ɗaya. Magi kuwa cike yake da gishiri, kuma hawan jini ba ya jiran furfura.

Daren yau, ko kai ke girki ko Umma, a rage rabin magin, a sa daddawa. Harshe zai yi mita kwana biyu, sannan ya saba.