Cibiyar Nazarin Muhalli A Bakin Tafkin Nguru: A Bar Ruwa Ya Zana Ginin

Daga Wakilinmu

Tun daga shekarar 2000, lokacin da aka sanya Tafkin Nguru da mashigin ruwa na Marma, mai faɗin kadada 58,100, cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin Yarjejeniyar Ramsar ta 1971, nauyi ya hau kan hukumomin ƙasar nan na ilimantar da jama'a game da wannan arziki. Hanya ɗaya ta sauke nauyin ita ce kafa cibiyar nazarin muhalli da koyarwa a bakin tafkin, inda ɗalibai da ma'aikata da masunta za su riƙa haɗuwa. Abin da ya kamata a tsaya a yi wa tunani tun kafin a kira ɗan kwangila shi ne irin ginin da ya dace da wurin.

Dausayin Haɗeja da Nguru yana samun ruwansa ne daga kogunan Haɗeja da Jama'are, waɗanda ke haɗuwa su zama Kogin Yobe mai gangarawa Tafkin Cadi. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka kuma biyo da ta Calawa a 1992, sai tafiyar ruwan ta sake. A da, ruwa yakan cika fadamu da damina ya janye da rani, manomi ya shuka shinkafa, makiyayi ya sami ciyawa, masunci ya kama kifi, kowa da lokacinsa. Bayan madatsun, ruwa ya riƙa kwanciya duk shekara a wasu hanyoyin, abin da ya ba ciyawar kacala damar yaɗuwa har ta toshe magudanai, ta cinye gonaki, ta zama mafakar tsuntsayen jan baki masu ɓarnar hatsi. Ambaliyar 2022 kuwa, wadda ta yi ɓarna a jihohin Jigawa da Yobe, ta nuna iyakar da ruwan ke iya kaiwa idan ya rasa hanya.

Bisa ga wannan, aikin farko na mai zanen cibiyar shi ne ya nemo alamar inda ruwa ya tsaya a 2022, ta bakin dattawan gari da Sarkin Ruwa da kuma bayanan Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, sa'an nan ya kafa harsashi a kan tudun da ya wuce wannan alama. Masai da rijiyar ƙazanta su yi nesa da gaɓa, don kada cibiyar da aka gina saboda kare tafki ta zama mai gurɓata shi. Tafkin kuma matattara ce ta tsuntsayen da ke zuwa daga Turai lokacin hunturu, saboda haka wurin kallonsu ya zama rumfa mai sauƙi ta itace wadda ba za ta firgita su ba.

Game da kayan gini, an saba ganin ofisoshin bulo da rufin kwano waɗanda ba a iya zama cikinsu a watan Afirilu sai da na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma sai da injin wuta da man dizal. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye zafin rana a hankali ta sake shi da dare, shi ya sa soro ke da sanyi da azahar. Wannan fasaha tamu ce tun tuni, Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19 shaida ne. A Jamhuriyar Nijar, masallacin ƙasa na Yama ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986, kuma a 2018 aka gama masallaci da ɗakin karatu na garin Dandaji da bulon ƙasa da aka matse da inji, bisa zanen Mariam Kamara da Yasaman Esmaili. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya gina makarantar ƙauyensu Gando da ƙasa a 2001, shi ya karɓi lambar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini, a 2022.

Haƙiƙa ginin ƙasa yana da abokin gaba, wato laima. Maganinta shi ne a ɗaga harsashi da dutse da siminti, a yi rufi mai faɗin baki wanda zai kare bango daga feshin ruwan sama, a kuma bar tazara tsakanin rufi da silin don iska ta ratsa. Ita kanta kacalar tana da amfani: a ƙasar Senegal ana sarrafa irinta a yi jinka da allunan tsare zafi. Idan aka yi haka a Nguru, yankan ciyawar zai zama sana'a ga matasa, magudanai su buɗe. Lantarki kuwa daga hasken rana za a samo shi, ruwan rufi kuma a tara shi a tanki.

Saura batun da ya fi kayar da ayyukan gwamnati, wato kulawa bayan bikin buɗewa. Ginin ƙasa yana bukatar yaɓe da duba indararo kafin kowace damina, don haka dole a sa kuɗin gyara cikin kasafin kowace shekara, a kuma ɗauki magina na garin su yi aikin tun daga tushe domin su san ciwonsa. Haka nan ya kamata a yi bayanai da Hausa da Barbarci da Badanci da Fulatanci, a kafa ma'aunin ruwa da ɗalibai za su riƙa karantawa suna rubutawa kullum, a kuma jawo Jami'ar Tarayya ta Gashuwa cikin aikin bincike.

Muna kira ga hukumomin da abin ya shafa su shigar da waɗannan sharuɗɗa cikin takardar kwangila tun kafin a zana layi ɗaya. Yaron da ya shiga ɗaki mai sanyi ba tare da ƙarar inji ba, ya ɗaga kai ya ga kacalar da ta cinye gonar mahaifinsa ta zama rufi, zai koma gida da darasin da zai iya aiki da shi.