Ajali A Rubuce Yake, Amma Gishirin Miya A Hannunmu Yake

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Duk wanda ke halartar jana'iza da zaman makoki a Toranke da ƙauyukan Ajingi da Gaya ya san labarin da ke yawan maimaituwa a 'yan shekarun nan. Magidanci ɗan shekara arba'in da 'yan kai ko hamsin, jiya yana gona ko kasuwa, yau an wayi gari ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, ko an ce ƙodarsa ta daina aiki. A sayar da tumaki, a jinginar da gona, a yi ta zirga-zirga zuwa asibitin Gaya, daga can zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano wajen wankin ƙoda. Idan ta Allah ta kasance, sai mu ce kwana ya ƙare. Wannan magana gaskiya ce, kuma imaninmu ke nan. Abin da nake jayayya da shi shi ne yadda muka mayar da ita mayafin rufe sakacinmu.

Mu duba Suratul A'arafi. A aya ta 34 Allah Maɗaukaki ya bayyana cewa kowace al'umma tana da ajalin da ba ya jinkirta, ba ya gabata. A aya ta 31 ta wannan surar kuma, ayoyi biyu kacal a tsakani, ya halatta mana ci da sha, ya hana mu wuce iyaka. Wanda ya rubuta ajali shi ne ya yi umarni da kiyaye ciki, don haka riƙe ɗaya a saki ɗaya ba tawakkali ba ne. Sayyidina Umar ya fahimtar da mu wannan lokacin da ya nufi Sham, aka sanar da shi annoba ta ɓarke, ya yanke shawarar komawa Madina. Da Abu Ubaida ɗan Jarrah ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya ba shi misalin makiyayin da ya sauka a kwari mai ɓangare biyu, ɗaya mai ciyawa ɗaya busasshe: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su, amma mai hankali ya san inda zai nufa.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa sada zumunci yana cikin abin da ke yalwata arziki da tsawaita kwana. Malamai irin su Imam Nawawi da Ibnu Hajar sun kawo fassara biyu: ko dai albarka ce ake sanyawa a rayuwar, ko kuma ƙari ne a abin da mala'ika ya sani, alhali ilimin Allah ba ya canzawa. Kowacce aka ɗauka, darasin ɗaya ne: tsawon rai yana da sabubba, kamar yadda amfanin gona yake da su. Ba manomin da ke ƙin yin noma da damina don an riga an rubuta arzikinsa.

Masana lafiya ma sun auna waɗannan sabubba. A shekarar 2018 masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka sun fitar da sakamakon bin diddigin mutane sama da dubu ɗari na tsawon shekaru masu yawa. Sun gano cewa ɗan shekara 50 da ba ya shan taba, ba shi da ƙiba fiye da kima, yana motsa jiki rabin sa'a a kullum, yana cin abinci mai kyau, kuma ba ya zurfafawa a giya, ana sa ran ya ɗara wanda ya rasa duka biyar ɗin da kimanin shekara 12 in namiji ne, 14 in mace ce. Giya dai shari'a ta riga ta raba mu da ita. Sauran huɗun suna hannunmu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai gram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, domin yawansa na haifar da hawan jini, shi kuwa hawan jini shi ne babbar ƙofar shanyewar ɓarin jiki, kuma yana cinye ƙoda a ɓoye. To, a ƙirga abin da ke shiga tukunyar gidanmu: gishiri, da dunƙulen magi uku ko huɗu wanda kusan rabin kowanne gishiri ne, da farin magi, sannan a barbaɗa yaji mai gishiri a kai. Haka sukari: iyakar da hukumar ta shata wa babba ba ta wuce ƙananan cokula 12 a yini ba, kuma kwalbar lemo ɗaya mai rabin lita tana iya kwashe wannan adadin duka, kafin a zo ga shayin safe da kunu da zoɓo. Ba banza ba Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi a Nijeriya.

Wani zai ce: malam, talaka da ke neman abin sawa a baki yaushe zai zaɓi abinci? Wannan hanzari yana da nauyi, tsadar rayuwa ba ƙarya ba ce. Sai dai mu dubi abin da ƙasarmu ke fitarwa: gero, dawa, wake, gyaɗa, riɗi, zogale, rama, kuka, kuɓewa, daddawar kalwa, nono. Irin wannan abinci, hatsi da dusarsa da wake da ganye, shi ne likitoci ke roƙon masu kuɗin birni su koma masa. Mu kuwa sai mu kai wake da riɗi da ƙwai kasuwa, mu dawo da taliya da burodi da lemon kwalba, muna ganin ci gaba ne. Yaron gidan da aka sayar da wakensa shi ne ke tasowa a tsumbure. Ciyar da iyali wajibi ne a kan maigida, kuma wajibin bai tsaya ga cika ciki ba.

Ban ce duk abin da muka gada lafiya ne ba. Tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Ma'auninmu shi ne amfani da cutarwa, ko abu tsoho ne ko sabo.

Sunna ta riga ta ba mu ma'aunin ciki. Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adikarib cewa Annabi (SAW) ya siffanta ciki da mafi sharrin mazubin da ɗan Adam ke cikawa, ya kuma shiryar da a kasa shi uku: kaso ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Mu auna buɗa-bakinmu na watan Ramadan da walimominmu da wannan ma'auni. Haka tafiya masallaci da ƙafa sau biyar a yini: lada ce ga kowane taku, kuma ga mai ɗan nisa tana cike wani kaso na minti 150 na motsa jiki da masana ke nema a mako. Yau matashi kan hau babur zuwa masallacin da yake jin kiran sallarsa daga ɗakinsa.

Shawarata ga magidanta ita ce duk wanda ya kai shekara 40 ya riƙa zuwa asibitin da ke kusa ana auna masa jini da sukari, domin hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya yanke don ya ji sauƙi. Iyayenmu mata su rage magi a hankali, su mayar da daddawa gurbinta, harshe zai saba. Ɗalibai su nisanci taba da shisha da ƙwaya. 'Yan'uwana limamai kuma su ba wannan batu wuri a huɗuba, domin kiyaye rai yana cikin manyan manufofi biyar na shari'a.

Annabi (SAW) ya sanya wanda ya daɗe a duniya kuma aikinsa ya kyautata a sahun mafifitan mutane. Uban da ya ga auren 'ya'yansa, da dattijon da ya kai shekara saba'in yana zuwa sallar Asuba da ƙafarsa, ni'ima ce da ya dace mu nema da addu'a, mu kuma nema da sababi. Allah ya ba mu lafiya da tsawon rai mai albarka, ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu cika da imani.