Sharhi: Zafin injin mota a bazara, laifin rana ne ko na gyaran wucin gadi?

Da zarar watan Afrilu ya kama, duk wanda ya bi babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta tashi daga Yamai ta ratsa Doso da Birnin Konni da Maraɗi ta nufi Damagaram, zai tarar da abin da aka saba gani kowace shekara. Motoci a gefen hanya an ɗaga murfin inji, tururi na tashi, yaran mota na yawon neman ruwa da jarka, fasinjoji kuma sun raɓe a ƴar inuwar da suka samu. Idan aka tambayi dalili, amsar ɗaya ce: zafin rana.

Gaskiya rana tana da nata kason. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a kudancin Nijar, wasu ranakun ya kai 45. A ranar 3 ga Afrilun 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, lokacin da matsanancin zafi ya mamaye yankin Sahel. Sai dai injin mota an ƙera shi ne ya yi aiki a zafin da ya kai digiri 90 ko ma fiye, kuma idan kayan sanyaya shi lafiya suke, zai jure ranar bazara. Abin da bazara ke yi shi ne tona asirin lalurar da aka daɗe ana rufewa.

Tsofaffin motoci, kayan gyara masu tsada

Mafi yawan motocin da ke hanyoyinmu sun yi rayuwarsu ta farko a wata ƙasa. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓar su. Tsohuwar Toyota Starlet da har yanzu ake tasi da ita a Yamai, kamfanin ya daina ƙera ta tun 1999. Robar tiyo da murfin lagireto da famfon ruwan mota mai irin wannan shekaru ba sa ƙara ƙarfi.

A da, Kwatano ce babbar ƙofar shigowar motoci da kayan gyaransu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi aka rufe iyakoki, kuma ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, hukumomin Nijar sun bar gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a rufe. Kaya da dama suka koma bin Lome ta Burkina Faso, hanya mai nisa da tsada. Maraɗi da Damagaram suna da sauƙin kusanci da kasuwannin Katsina da Kano, amma can ma mai saye sai ya yi da gaske kafin ya bambance kaya na ainihi da jabu.

Abin da wannan ke nufi ga mai mota shi ne, kuskuren da a da ake iya gyarawa da ƴan jikkuna, yanzu yana iya ajiye mota makonni. Ga direban haya kuwa, kowace ranar da mota ta kwana a gareji rana ce da gida ba a samu cefane ba.

Yadda inji ke sanyaya kansa

Famfon ruwa yana tura ruwa cikin jikin inji ya kwaso zafi, ya kai shi lagireto, wanda mutanen gareji ke kira radiyatar. A nan iskar tafiya ko ta fanka take ɗauke zafin. Tsakanin inji da lagireto akwai wata ƴar ƙofa mai buɗe kanta, wato tamostat, wadda a motoci da yawa take fara buɗewa idan ruwa ya kai digiri 82 zuwa 88. Shi kuma murfin lagireto ba toshiya ce kawai ba. Yana riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100, sai wajen 120. Idan robarsa ta mutu ko ƙarfen da ke danna ta ya saki, ruwa zai tafasa da wuri ya tsiyaye, alhali sauran kayan duk lafiya suke. Murfin yana cikin mafi araha a kayan mota, amma shi ne ba a cika dubawa ba.

Dabaru uku da ke jawo asara

Ta farko ita ce zuba ruwan rijiya ko na famfo maimakon ruwan sanyaya inji na musamman. Mutane da dama na ganin ruwan nan mai launi na ƙasashen sanyi ne, don hana daskarewa. Wannan ɗaya ne kawai daga cikin ayyukansa. Yana ƙara jinkirta tafasa, kuma yana ɗauke da sinadaran da ke hana tsatsa da cin ƙarfe. Ruwan rijiya yana barin farin gari irin wanda ke taruwa a gindin butar shayi, ya toshe siraran bututun lagireto sannu a hankali, tsatsa kuma ta cinye fukafukan famfon ruwa. A halin larura cikin daji ana iya zuba ruwa mai tsabta don a isa gari, amma ba a mayar da shi abin kullum.

Ta biyu ita ce cire tamostat da zarar mota ta shigo ƙasa, bisa hujjar cewa nan ba Turai ba ce. Idan an cire, inji yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, musamman da safiyar hunturu, sai ya riƙa shan mai fiye da ƙima yana kuma saurin tsufa. Bayan haka, a injuna da yawa tamostat ce ke rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa cikin inji ba tare da ya bi lagireto ba. Idan babu ita, wani ɓangare na ruwan zai ci gaba da bin wannan hanya bai huce ba, wanda ke iya ƙara zafin da ake gudu. Tamostat ɗin da ta maƙale a rufe tana sa inji zafi, amma maganinta sabuwa ce. Gwajin ma ba wuya: a saka ta a tukunyar ruwa bisa wuta, a ga ko za ta buɗe kafin ruwan ya tafasa.

Ta uku ita ce haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa muddin mota na kunne. Wannan yana ɓoye ainihin abin da ya lalace, wanda sau da yawa fis ne ko ɗan makunnin da ke jin zafin ruwa, sannan yana gajiyar da fankar har ta mutu wata rana a tsakiyar hanya.

A gano cuta kafin a sayi magani

Lokacin da allurar zafi ke tashi yana ba da labarin inda matsalar take. Idan tana tashi a cunkoso ko a tsaye, ta sauka da an kama gudu, a fara da fanka, domin iska ce ba ta isa. Idan kuwa a cikin gari lafiya lau, sai an hau doguwar hanya da lodi take tashi, zargi ya fi ƙarfi kan lagireto da ya toshe, daga ciki ko kuma daga waje da ƙura da ciyawa da ƙwari, ko famfon da ya gaji. Idan inji ya yi zafi mintuna kaɗan bayan tayarwa alhali lagireto na nan da sanyi, ruwa ba ya isa gare shi, sai a duba tamostat da famfo da bel ɗin da ke juya shi.

Idan ruwa na raguwa, a nemi inda yake ɗiga: bakin tiyo, gefen lagireto, ƙasan famfo. Mafi muni shi ne ruwa ya riƙa ɓacewa ba a ga ɗigo ba, tare da farin hayaƙi mai kauri daga salansa bayan inji ya ɗumama, ko kumfa na tasowa a bakin lagireto, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Waɗannan alamu ne na ƙonewar gaskit ɗin kan inji, abin da kanikawa ke kira juwan kulas. Yawanci shi kansa sakamako ne na zafin da aka yi sakaci da shi a baya, don haka duk wanda ya sauya gaskit bai nemi abin da ya fara jawo zafin ba, zai sake biya.

Idan ta faru a hanya

Direba ya kashe na'urar sanyaya cikin mota, ya sauka gefe ya kashe inji. Kada ya ce bari ya lallaɓa zuwa gari na gaba, domin kan injin yawancin ƙananan motoci na alminiyam ne, kuma ƴan kilomitoci da allura a ja sun isa su lanƙwasa shi. Kada a buɗe murfin lagireto sai inji ya huce, aƙalla rabin awa, saboda ruwan da ke ciki zai yi tsiri ya ƙona fuska da hannu. Kada kuma a kwarara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, ƙarfe na iya tsagewa.

Mai sayen motar hannu shi ma yana da abin dubawa kafin ya biya. Ya buɗe murfin lagireto tun inji na da sanyi ya ga launin ruwan, ya duba ƙasan murfin baƙin mai, ya tambaya ko tamostat na nan, sannan ya bar motar a kunne a tsaye har ya ga fanka ta tashi ta kuma tsaya da kanta.

Nauyin bai tsaya kan direba shi kaɗai ba. Motar haya da ta tsaya tsakanin Tawa da Konni da tsakar rana tana ɗauke da tsofaffi da jarirai da marasa lafiya, kuma awa biyu a irin wannan zafi babu isasshen ruwan sha haɗari ne ga rai. Shugabannin tashoshi da ƙungiyoyin direbobi suna iya sa duba ruwa da tiyo da fanka ya zama sharaɗi kafin mota ta ɗauki lodi a watannin bazara. Masu motocin da ke jiran kuɗin yini su daina ɗaukar kuɗin ruwan sanyaya inji a matsayin almubazzaranci. Manyan kanikawa kuma, waɗanda a hannunsu yara ke koyon sana'a, su ne za su iya kawo ƙarshen al'adar cire tamostat, tunda a gareji aka koye ta. Shigo da sababbin motoci ya fi ƙarfin yawancin jama'a, amma kuɗin murfin lagireto da tamostat da ƴan litocin ruwan sanyaya inji bai kai ko kusa da kuɗin sauke kan inji ba.