Tarkon Ƙwari: A Duba Cok Kafin a Zargi Fitila

Sanin kowa ne cewa tsutsar da ke ɓarnata auduga da masara a yankin Funtua da Malumfashi 'ya ce ga malam-buɗe-littafin dare. Tun da baƙuwar tsutsar masara ta ɓulla a Nijeriya cikin 2016, ƙidayar waɗannan ƙwari ta ƙara muhimmanci, domin tana taimakawa wajen sanin lokacin feshi. Ɗaya daga cikin tarkunan da masana ke kafawa yana ɗauke da fitilar zaiba mai wat 125, wadda haskenta ke janyo su.

To, amma da zarar fitilar ta kama, sai ta riƙa zuƙar wuta ba iyaka har ta ƙone. Cok shi ne linzaminta. In aka sa mata na wat 250, zafi zai hallaka ta. In kuwa na wat 80 ne, haskenta zai dushe, kamu ya ragu, malamin gona ya zaci lafiya lau, alhali ɓarna tana gudana. Araha dai ba ta ado.

Saboda haka wajibi ne wat ɗin cok ya yi daidai da na fitila, ya kuma dace da wutar ƙasar nan mai bolt 230. Haka nan, Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta taƙaita ƙera fitilun zaiba, don haka ya kamata masanan Samaru su gwada tarkunan LED tun kafin fitilun su yi wuyar samu.