Gyara Kayanka: Fitilar Mota Mai Hawaye

A wannan wata za mu bar zancen cikin gida mu fita waje wurin mota, gama akwai abin da ya same ni a daminar 2023 wanda har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Wajen ƙarfe 11 na dare maƙwabcina ya buga mini ƙofa. Ɗansa ne zazzaɓi ya kama har yana sanƙarewa, tilas a kai shi asibiti a Jos. Muka shiga tsohuwar motata, 'yar Kwatano ce, shekarunta sun haura 20. An yi ruwa da yamma, hanya ta yi baƙi ƙirin. Na kunna fitila, amma abin da ke fita bai fi hasken aci-balbal ba. Mun wuce Mangu kaɗan sai ga wata babbar mota ta lalace, rabinta a kan kwalta, ba wata alama sai ganyen da aka zuba a hanya. Ban gan ta ba sai da muka kusa shiga ƙarƙashinta. Na taka birki, mota ta ja, ta tsaya saura kamar taku uku. Yaron ya warke, mun gode. Amma da gari ya waye na tsaya gaban motar na dubi fitilun nan da kyau. Ta dama ta yi rawaya ta dushe, ta hagu kuwa cike take da ɗigon ruwa daga ciki, sai ka ce kuka take yi. Na daɗe ina ganinsu haka ina cewa sai an biya albashi.

Da na kai wa bakanike sai ya ce, "Malam, ai ƙwan ne ya gaji. Bari in sa maka mai wat 100, ka ga haske." Kada ku yarda da wannan shawara. Ƙwan da aka yi wa yawancin tsofaffin motocinmu, irin wanda ake kira H4, wat 60 ne a hasken nesa, 55 a hasken kusa. Mai wat 100 zafinsa yakan narkar da soket, ya ƙona waya, ya gasa madubin da ke cikin fitilar, sa'an nan ya makantar da mai zuwa ta gabanka. Laifin ba na ƙwai ba ne, hanyar da hasken zai bi ce ta toshe. A shekarar 2018 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, wato AAA, ta auna fitilun da suka dushe, ta tarar suna ba da kashi 22 cikin 100 kawai na hasken sabuwa. Mai gudun kilomita 80 a awa kuwa yana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Ku yi lissafin da kanku.

Mu fara da ruwan. Duk shekara nakan kawo wa 'yan ajina kwalbar ruwan sanyi in ajiye a kan tebur, in tambaye su daga ina gumin da ke jikinta ya fito. Wasu su ce kwalbar ce ke yoyo. A'a, danshin da ke cikin iska ne ya taɓa abu mai sanyi ya koma ruwa. Haka yake a fitila. Mutane da yawa suna tsammani fitilar mota a rufe take ruf, alhali kuwa an yi mata 'yar kafar numfashi a baya, yawanci ɗan bututun roba ne mai lanƙwasa yana duban ƙasa. In ƙwai ya yi zafi iskar ciki ta kumbura ta fita, in ya huce sabuwar iska ta shigo da danshinta. Da asuba, musamman a nan kan dutse inda sanyi ke da ƙarfi, fuskar fitila ta yi sanyi, sai raɓa ta kwanta mata daga ciki.

Saboda haka ba kowane hazo ne ciwo ba. In ɗan hazo ne a kusurwa, ka kunna fitila na minti 20 ko 30 ya watse, to, ƙyale shi. Amma in ka ga manyan ɗigo suna gangarowa, ko ruwa ya taru a ƙasan fitilar, ko kuwa ɗaya ce kullum a jiƙe 'yar'uwarta a bushe, ruwa na shiga ta wani wuri ke nan, sai a nemo shi.

Buɗe bonet ka fara duba murfin robar da ke bayan ƙwai. Sau da yawa nan ne, an canja ƙwai an manta da murfin, ko an mayar da shi a karkace, ko ya tsufa ya tsage. Sa'an nan ka duba kafar numfashin. Tawa da na zare bututun sai na tarar zanzaro ya yi gini a ciki ya toshe shi da laka, danshi ya shiga ya rasa hanyar fita. Da tsinke na gyara wannan. Bayan haka sai a bi layin da fuskar fitila ta haɗu da jikinta, inda aka sa gam tun daga masana'anta, gama rana takan busar da shi ya tsattsage. In an kwance fitilar, a shafa ruwan sabulu a kan layin, a toshe sauran kafofi da yatsa, a hura iska ta ramin ƙwai. Inda kumfa ya taso nan ne ɓarakar. Kwance ta a wasu motoci sai an sassauta bamba, wannan kam a bar wa bakanike.

Kafin a liƙe kome sai cikin ya bushe sarai. A cire ƙwai, a zubar da ruwan, a ajiye fitilar a rana yini guda ramin yana sama. In uwargida tana da na'urar busar da gashi aikin ya yi sauƙi, amma a riƙe ta nesa kaɗan, kada roba ta narke. 'Yan ƙunshin ƙwayoyin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi suna taimako, a sa su a bakin ramin su kwana, da safe a cire, a kuma ɓoye su daga yara. In ya bushe a share layin, a bi shi da gam na silikon siriri. Kada ƙwazo ya sa ka liƙe kafar numfashin, in ka yi haka ka kulle raɓa a ɗaki. Huda fitila da ƙusa mai zafi kamar yadda wasu ke yi ban yarda da shi ba, ruwa zai fita, amma da hunturu ƙura za ta shiga ta zauna, ita kuwa ba ta bushewa ta tafi.

Abu biyu kada hannu ya taɓa. Gilashin ƙwai, domin maiƙon yatsa yakan sa wurin ya yi zafi fiye da kima ƙwan ya mutu da wuri, a riƙe shi ta gindi ko da tsumma mai tsabta. Na biyu, madubin ciki. Abin da ke ƙyalli a jikinsa ɗan shafen alminiyom ne, siriri ƙwarai, ko tsumma mai laushi yana iya share shi. In ruwa ya daɗe har madubin ya yi baƙi ko ya saɓule, ba gyara sai canji.

Yanzu sai mai rawayar. Mahaifina yana da Peugeot 504, irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, fuskar fitilarta gilashi ne, ruwa da sabulu sun ishe ta. Mai irin wannan kada ya kusance ta da samfefa. Motocin baya-bayan nan kuwa fuskar roba ce mai tauri, an shafe ta da wani siririn rufi da ke kare ta daga rana. Ranarmu da ƙurar hunturu su ke cinye rufin nan, robar ta fara ƙonewa ta yi rawaya. Shafa da yatsa, in ka ji kaushi daga waje ne, yana gyaruwa.

A wanke, a zagaye fitilar da salatif domin kare fentin mota. A jiƙa samfefar ruwa mai lamba 800 a goga gefe zuwa gefe, ana zuba ruwa kullum. Za ka ga ruwan yana fita rawaya, ka ci gaba har ya koma fari. A nan zuciyata ta karaya, gama fitilar ta yi fari fat kamar an shafa mata nono, uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, ka ƙarasa ta ke nan." Haka take yi, kada ka tsorata. A koma lamba 1500 a goga sama da ƙasa, sa'an nan 2000, sa'an nan 3000 in an samu, ana canja hannu kowane mataki domin sabuwar ta share zanen tsohuwar. Daga ƙarshe a murza da man ƙyalli na masu fentin mota har ta yi garau. Kowace fitila ta ci mini kusan awa guda.

Matakin da mutane ke tsallakewa shi ne mayar da rufi. Ka kankare abin da ke kare robar, in ka bar ta tsirara cikin 'yan watanni za ta koma yadda take. A shafa maganin kare rana da ake sayarwa musamman domin fitila, ko a kai wa mai fenti ya fesa mata kiliya, amma shi a kai masa tun kafin a sa man ƙyalli, domin kiliya ba ta kama wuri mai santsi. Man goge baki yana ɗan haskaka ta na 'yan makonni ne kawai. Man birki da maganin sauro kuwa cin robar suke yi, ƙyallin da ka gani narkewa ce.

A awon nan na AAA, gogewa ta mayar da haske zuwa wajen kashi 70, ba 100 ba. In robar ta tsattsage har ciki, gara a nufi Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano a nemo wata. A tambaya daga wace ƙasa ta fito, gama tun 1972 hannun dama muke bi, fitilar da aka yi wa Ingila ko Japan kuwa tana ɗaga haskenta ta hagu, cikin idon mai zuwa.

Duk fitilar da aka kwance sai an sāke daidaita ta. Da dare ka tsayar da mota a wuri mai shimfiɗa, mita 10 daga bango. Auna tsawon tsakiyar fitila daga ƙasa, ka ja layi da alli a bangon daidai wannan tsawo. Kunna hasken kusa, bakin hasken na sama ya sauka kamar santimita 10 ƙasa da layin. Akwai noti a bayan fitila na ɗagawa da saukarwa. Ni a bangon ajinmu na yi nawa, na tarar ta hagu tana haska rassan mangwaro.