Ra'ayinmu: Kwaɗon shago ana sake shi, fuska fa?

Jama'a ƴan kasuwa, iyayenmu mata masu sana'a, yau maganarmu a kan salula take, wadda ta zame wa kowa asusu da littafin bashi da ɗan aike gaba ɗaya. Daga babbar kasuwar Maradi zuwa kasuwar Dole ta Damagaram, daga Tawa har Katako ta Yamai, da wuya ka ga mai shago ko mai tebur da ba shi da ita. Cikinta lambobin masu kawo kaya suke, cikinta saƙon kuɗin da anka turo yake faɗowa, cikinta uwar adashe take riƙe sunayen masu zubi. To ga shi wayoyin yanzu sun zo da sabon salo: ka dube ta, ta dube ka, ta buɗe. Ba lamba, ba zane, ba taɓi. Masu saida waya suna tallar abin kamar wata garaɓasa, mutane kuma suna karɓa ba tambaya. Mu a wanga shafi muna ganin akwai tambaya, kuma gara a yi ta tun ba a yi asara ba.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: kada kowa ya mai da fuskarsa mabuɗin dukiyarsa, kuma kada ya miƙa ta ga wanda bai san inda za ya kai ta ba. Dalili a fili yake. In mabuɗin shago ya ɓata, kafin azahar an sayo sabon kwaɗo. In wani ya gane lambar sirrinka, minti biyu sun isa ka sake wata. Fuska kuwa guda ce Allah ya ba ka, da ita za ka zauna har ƙarshen rayuwa, kuma kullum a buɗe take, duk wanda ya wuce gaban rumfarka yana ganinta.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki, don a san abin da ake magana a kai. Ranar da ka yi rajistar fuskarka, wayar tana auna ta: tazarar da ke tsakanin idanu, tsawon hanci, faɗin goshi, yanayin haɓa. Sai ta juya awon nan zuwa lissafi ta ajiye. Duk lokacin da ka ɗaga ta, sai ta sake awo ta gwama da na farko, in sun yi kusa ta buɗe. Amma wayoyin ba ɗaya suke ba. Kamfanin Apple na Amurka ya fito da tsarinsa mai suna Face ID a shekarar 2017, tare da wayar iPhone X. Shi wanga tsari yana watsa ɗigon haske wajen 30.000 a kan fuska, waɗanda ido ba ya gani, don ya auna tudu da kwarinta. Kamfanin ya ce cikin mutum miliyan 1 da ba ka da dangantaka da su, da kyar a samu guda da fuskarsa za ta buɗe wayarka, kuma awon yana zama cikin wayar, ba a aika shi ko'ina. Duk da haka shi da kansa ya yi kashedi cewa lissafin bai shafi tagwaye ba, da ƴan uwa masu kama da juna, da yaran da ba su kai shekara 13 ba.

Wayoyi nawa ne irin wannan a kasuwanninmu? Mafi yawan waɗanda ke hannun jama'a masu sauƙin kuɗi ne, kuma akasarinsu da ƴar kyamarar gaba kaɗai suke duba fuska, wato hoto suke gwamawa da hoto. A nan gizo ke saƙar. A farkon shekarar 2019, ƙungiyar kare masu sayen kaya ta ƙasar Holan ta gwada wayoyi 110, ta tarar 42 daga cikinsu suna buɗewa in an nuna musu hoton mai wayar. A 2023 takwararta ta Ingila, mai suna Which?, ta gwada sababbin wayoyi 48, guda 19 sunka buɗe da hoton da anka buga a takarda. Cikin waɗanda sunka faɗi jarrabawar har da wasu samfuran Samsung da Nokia da Motorola da Xiaomi, sunayen da kowa ya sani a nan. Su kansu kamfanonin sukan rubuta gargaɗi a cikin wayar cewa fuska ba ta kai lambar sirri tsaro ba, sai dai da Faransanci ko Ingilishi ake rubuta shi, da ƙananan baƙaƙe, kuma yaron da ke saita maka waya a bakin kasuwa ba ya tsayawa ya karanta maka.

Yanzu a duba yawan hotunanmu da ke yawo. Na biki, na suna, na dawowa daga hajji, na kan WhatsApp da kowane mai lambarka yake iya kwafewa. Hajiya, in wayarki tana cikin masu buɗewa da hoto, to mabuɗinki yana hannun duk wanda ya taɓa cin shinkafar bikin ɗiyarki. Wasu wayoyin ma ba su damu ba ko idon mai su a rufe yake, ana iya kara su a fuskarsa yana barcin rana su buɗe. Ɓarawon da ya tare mutum a hanya kuwa ba shi da buƙatar ya tilasta masa faɗin wata lamba, ɗaga wayar kawai za ya yi a gabansa.

Wani za ya ce ai kuɗin da ke cikin waya da lambarsu ta daban. Gaskiya ne, kuma madalla da haka. Amma ɗan kasuwa ya san jarinsa bai tsaya ga kuɗi ba, har da sunansa. Wanda ya buɗe wayarka ya samu WhatsApp ɗinka, ya samu lambobin abokan cinikinka na Kano da Kwatano da Lome. Yana iya rubuta wa kowanensu da sunanka cewa mota ta lalace a hanya, a turo jika ɗari zuwa wata lamba. Yana iya karanta saƙonnin da ake aiko maka na tabbatar da shiga asusu. Yana iya ganin wa ke binka, wa kake bi, da farashin da kake sayo kaya. Amanar da ka yi shekara 20 kana ginawa sai ta rushe tsakanin la'asar da magariba.

Wancan haɗarin fuskar da ke zaune cikin waya ke nan. Akwai wanda ya fi shi, shi ne na fuskar da ta fita. Manhajoji da dama, wato ƴan shirye-shiryen da ake saukewa cikin waya, sukan ce sai ka ɗauki hoton fuskarka ka aika musu kafin su yi maka aiki: masu ba da bashi nan take, masu gyaran hoto su mai da tsoho yaro, masu alkawarin kyauta. Wannan hoton ba ya zama cikin wayarka, yana tafiya wata na'ura a wata ƙasa, kuma ba ka da hanyar sanin wa ke gadinsa. A watan Agusta na 2019 masu bincike sun gano rumbun wani kamfanin Koriya ta Kudu mai suna Suprema a buɗe a intanet, ɗauke da zanen yatsun mutane sama da miliyan 1 da bayanan fuskoki. Waɗannan mutane ba a iya ce musu su je su sake yatsa ko fuska.

A farkon 2020 kuma jaridar New York Times ta tona asirin wani kamfanin Amurka, Clearview AI, wanda ya kwashe hotuna wajen miliyar 3 daga Facebook da YouTube da sauran shafuka ba da izinin masu su ba, ya haɗa rumbun da za ka ba shi hoton baƙo ya nemo maka sauran hotunansa da inda sunka fito. A watan Oktoba na 2022 hukumar kare bayanan jama'a ta Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 20, wato sama da miliyar 13 na sefa. Shi ma Facebook, bayan ƙararrakin da anka yi ta kai shi, ya ba da sanarwa a watan Nuwamba na 2021 cewa za ya rufe tsarinsa na gane fuska a hotuna, ya goge awon fuskokin mutane sama da miliyar 1. A 2024 uwar kamfanin, Meta, ta yarda ta biya jihar Texas ta Amurka dalar Amurka miliyar 1 da miliyan 400 kan wannan batu. Ɗan kasuwa ya san ba a biyan irin wannan kuɗi a kan abin da ba shi da daraja. In fuskarka ba haja ba ce, me ya sa ake wannan rububi a kanta?

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman, mu baƙaƙen fata. A 2018 wata mai bincike ƴar asalin Gana, Joy Buolamwini, ta gwada na'urorin manyan kamfanoni masu bambanta mace da namiji daga hoto. Ga fararen maza kuskuren bai kai kashi 1 cikin 100 ba, ga mata baƙaƙe kuwa ya kai wajen kashi 35. A ƙarshen 2019 hukumar awo ta gwamnatin Amurka ta gwada tsare-tsare 189 na gane fuska, ta tarar da yawansu suna ɗaukar wani a matsayin wani sau 10 har zuwa sau 100 fiye da yadda suke yi wa Turawa, in fuskar ta ɗan Afirka ce ko ta ɗan Asiya. A watan Janairu na 2020 ƴan sandan birnin Detroit sun kama wani baƙar fata, Robert Williams, a gaban matarsa da ƴaƴansa bisa zargin satar agogo, ya yi kusan awa 30 a tsare, alhali na'ura ce ta haɗa fuskarsa da ta wani. An yi ta gyara na'urorin tun daga lokacin, amma darasin yana nan: in na'ura ta yi kuskure, mutum ne yake kwana a komisariya.

Ba mu ce a jefar da waya ba, kuma mun san uzurin masu amfani da fuska. Da yawa cikin iyayenmu ba su yi lakkwal ba, riƙe lamba yana yi musu wuya. Mai tuyar ƙosai da mai saida kifi da wadda ta sa lalle, sau da yawa wayar ba ta karɓar yatsansu. Kuma wayar da ke kulle da fuska ta fi wadda ba a kulle ba sam. Sai dai wanda ya iya riƙe farashin kaya kala 50 da bashin mutum 30 a kansa, lamba 6 ba za ta gagare shi ba.

Saboda haka ga shawararmu. Na farko, a gwada: a sa wani amintacce ya nuna wa wayar hotonka daga wata waya ko takarda. In ta buɗe, a cire tsarin fuska nan take, a koma lamba. Na biyu, lambar kada ta zama shekarar haihuwa ko 1234, kuma ta buɗe waya ta bambanta da ta kuɗi. Na uku, in wani ne ya saita maka waya, ka sa a duba ko ba a ƙara wata fuska ko wani yatsa ba, don wayoyi da dama suna karɓar fiye da guda. Na huɗu, in za ka bi hanyar da ba ka yarda da ita ba, ka kashe wayar gaba ɗaya, don in an kunna ta lamba take nema kafin ta sake karɓar fuska. Na biyar, kafin a kai waya gyara ko a saida ta, a goge fuska da hotuna. Na shida, duk manhajar da ta nemi hoton fuska da katin shaida, a tambaya: ta wane ce, ina ofishinta, wa ya ba ta izini? In babu amsa, a bar ta, ko da bashin da take tayi ya yi daɗin ji. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Haka kuma a rage watsa hotunan yara, don su ba a nemi yardarsu ba.

Ga hukumomi kuwa muna da kira. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutum tun watan Mayu na 2017, wadda ta tanadi babbar hukumar HAPDP, an kuma sake sabunta dokar a ƙarshen 2022. Abin a yaba ne. Amma dokar da ke rubuce da Faransanci a Yamai ba ta kare mai saida yaji a Tasawa ba sai ranar da ta ji ta da harshenta. Muna so a fassara ta da Hausa da Zarma da Fulatanci da Tamashek da Barbarci, a yi ta bayani a gidajen rediyo, a faɗa wa jama'a ƙarara inda za su kai kuka. Muna so duk kamfanin da ke karɓar hoton fuskar ƴan Nijar a tilasta masa faɗin inda yake ajiye shi, da tsawon lokacin da za ya riƙe shi, da yadda mai shi za ya sa a goge. Shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa su ma da nasu rabon: su tara masu saida waya da masu gyara, a ja kunnensu su riƙa faɗa wa mai saye gaskiya kafin su kunna masa wanga tsari.

Ƴan uwa, ba mai barin mabuɗin shagonsa rataye a ƙofa ya tafi gida don yana gaggawa. Daƙiƙa 3 da ake ɗauka ana buga lamba ba su taɓa hana kowa ciniki ba. Yau in an tashi kasuwa, kowa ya zauna da wayarsa ya yi gwajin hoton nan, ya kuma taimaki maƙwabciyarsa ta rumfa ta yi nata. Allah ya tsare mana dukiya da mutunci, ya ba da kasuwa mai albarka.