Jinkirin Shari'a Haraji Ne A Kan 'Yan Kasuwa

Duk ɗan kasuwar da aka taɓa fasa wa shago ya san cewa abin da ɓarawo ya ɗauka somin-taɓi ne kawai. Alal misali, a ɗauki mai sayar da kayan masarufi a Ƙofar Ran cikin birnin Bauchi. Ya kai ƙara caji ofis, an kama wanda ake zargi, an kuma ƙwato wani sashe na kayan, amma an tsare su a matsayin shaida. Ranar zaman farko fayil bai iso kotu ba. Zama na biyu motar gidan yari ba ta kawo wanda ake tuhuma ba. Na uku kuwa ana jiran shawarar Ma'aikatar Shari'a. Kowace rana daga cikin waɗannan sai ya rufe shago. Kafin a je ko'ina shinkafar da aka tsare ta lalace, shi kuma ya haƙura ya bar wa Allah.

Wannan jinkiri haraji ne da ba a rubuta shi cikin kasafin kuɗin kowace gwamnati ba, amma 'yan kasuwa na biyan sa. A ganina, hanya mafi araha ta rage shi ita ce a ilmantar da ma'aikatan da shari'ar laifuffuka ke bi ta hannunsu, wato 'yan sanda masu bincike da masu gabatar da ƙara, da magatakardan kotu, da gandirobobi, ta hanyar karatun gaba da digiri na wucin-gadi wanda ba zai raba su da bakin aikinsu ba.

Cikin shekarar 1968 wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Gary Becker, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 1992, ya bayyana cewa mai laifi ma lissafi yake yi kamar ɗan kasuwa: yana auna ribar da zai samu da yiwuwar a kama shi a hukunta shi. Ke nan idan ƙara za ta mutu a hanya saboda ɓatan fayil ko gajiyar masu shaida, farashin aikata laifi ya faɗi, kuma abin da ya yi araha masu sayen sa kan yi yawa. Sakamakon haka shi ne ƙarin kuɗin masu gadi, da ƙofofin ƙarfe, da rufe shago tun kafin magariba, da ƙin ba da kaya bashi ga wanda ba a sani ba.

Baitulmali ma ba ta tsira ba. Kusan kashi biyu bisa uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta ɗaga kuɗin ciyar da kowane ɗaurarre daga N750 zuwa N1,125 a rana, wato sama da N410,000 a shekara a kan mutum guda, ban da magani da albashin masu tsaron sa. Mutanen Bauchi kuma ba su manta da ranar 7 ga Satumban 2010 ba, lokacin da 'yan Boko Haram suka fasa gidan yarin birnin, fursunoni 721 suka fice, cikinsu har da waɗanda ke jiran shari'a tun rikicin watan Yulin 2009.

Ba rashin doka ne ke damun mu ba. Dokar Tafiyar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 ta tanadi a riƙa sauraron ƙara kullum da zarar an gurfanar da mutum, in hakan ya faskara kada ɗage zaman ya wuce sau biyar ga kowane ɓangare. Ta kuma umurci manyan majistarori su riƙa ziyartar caji ofis a kowane wata domin duba waɗanda ke tsare. Jihohi sun yi nasu dokokin a kan wannan turba. Dokar 2019 ta mayar da Hukumar Gidajen Yari ta zama ta gyaran hali, ta kuma kawo hukuncin da ba na ɗauri ba, irin su yi wa al'umma hidima. A 2020 aka sami sabuwar Dokar 'Yan Sanda wadda ta maye gurbin ta 1943. A watan Maris na 2023 kuma aka gyara tsarin mulki domin jihohi su iya kafa nasu gidajen gyaran hali. To, wa zai tafiyar da duk waɗannan? Aiwatar da su na bukatar wanda ya san ajiyar bayanai, da ƙididdiga, da tsara kasafi, da daidaita aiki tsakanin hukumomi huɗu ko biyar da ba sa ƙarƙashin shugaba ɗaya. A Jihar Bauchi nauyin ya ninka, domin akwai kotunan da suka gaji kundin hukunta laifuffuka na Arewa na 1960, ga kuma kotunan shari'ar Musulunci da aka faɗaɗa ikonsu a 2001.

Dalilin da ya sa karatun wucin-gadi ya fi dacewa a fili yake. Ba hukumar da za ta iya sakin ƙwararrun jami'anta na tsawon shekara biyu alhali tana kukan ƙarancin ma'aikata, kuma magidanci mai iyali ba zai bar albashinsa ya koma aji ba. Bugu da ƙari, wanda ya koyi darasi ranar Asabar zai gwada shi a ofis ranar Litinin. Ƙofofin kuwa a buɗe suke. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na ba da digiri na biyu kan aiwatar da doka da shari'ar laifuffuka, har ta sashenta na karatu daga nesa. Jami'ar Bayero ta Kano na da kwas na ƙwararru kan shawo kan laifuffuka da rigakafinsu. Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wadda ke da cibiya a Bauchi, na koyar da nazarin laifuffuka da tsaro. Wanda ke da babbar difloma ko digiri mai rauni yakan fara ne da diflomar gaba da digiri.

Masu suka na cewa yawancin masu shiga irin wannan karatu takardar neman ƙarin girma suke bi, ba ilmi ba, wasu jami'o'in kuma kuɗin shiga suke nema. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, kuma ba za a magance ta da musu ba sai da sharuɗɗa. Na farko, kundin binciken ɗalibi ya fito daga teburin aikinsa: magatakarda ya ƙirga kwanakin da ƙarar sata ke ɗauka a kotunsa, ya gano inda take maƙalewa. Na biyu, a sa tsofaffin alƙalai da jami'ai cikin masu koyarwa. Na uku, hukumomi su daina yi wa ɗalibi canjin wurin aiki ana tsakiyar zango. Na huɗu, a kawo ajin kusa. Tafiyar kimanin kilomita 300 zuwa Kano ta Ningi a kowane ƙarshen mako na cinye albashin ƙaramin jami'i. Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa mai tsangayar kimiyyar gudanarwa, da Jami'ar Sa'adu Zungur mai tsangayar shari'a, na iya haɗa hannu su tsayar da aji mai ƙarfi a cikin birnin Bauchi.

Su ma 'yan kasuwa akwai nasu rabon aiki. Ƙungiyoyin kasuwannin Wunti da Muda Lawal da takwarorinsu na iya kafa asusun tallafin karatu da za a danƙa wa jami'a, ita ta zaɓi waɗanda suka cancanta a bainar jama'a. Kada a miƙa kuɗi hannu da hannu ga wani jami'i, domin wannan sunansa daban. Bankuna da kamfanoni su tura shugabannin sashen tsaro da masu binciken kuɗinsu. Sannan mu daina mayar da caji ofis wurin karɓar bashi. Dokar 2015 da ta 2020 duk sun hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, kuma duk sa'ar da ɗan sanda ya ɓata a kan bashin wani, an cire ta ne daga binciken fasa shagon wani. Wurin bashi shi ne kotun ƙananan basussuka irin wadda Legas ta fara a 2018.

A nan Ƙofar Ran kabarin Sa Abubakar Tafawa Balewa yake. Ya fara koyarwa a Midil ta Bauchi a 1933, sai a 1945 ya tafi Jami'ar Landan ƙaro ilmi, bayan ya shafe fiye da shekara goma a bakin aiki. Abin da ya ƙaro ƙasa ce ta ci moriyarsa. Ma'aikatan shari'armu na yau ba sai sun ƙetare teku ba. Abin da suke bukata shi ne izini daga shugabanninsu, da aji a kusa, da ɗan tallafi daga waɗanda jinkirin ya fi cutarwa. Allah Ya sa masu ruwa da tsaki su duba.